Minti Goma Sha Biyar na Malam Munzali

"Wa ya rataya wa Malam Munzali silifa a hannu ɗazu da la'asar?"

Yaya Barira ce ta yi tambayar, ba ta ko ɗago kai daga gyaɗar da take ɓarewa ba. An ɗauke wuta tun magariba, 'ya'yan kawunnanta su biyar sun kewaye ta a tabarma suna jiran labari. Malam Munzali shi ne mutumin da ke zaune a dakalin gidan da ke kallon nasu, ƙarƙashin rumfar kwano, hannunsa na dama a miƙe cikin iska. Tun da aka haifi yaran nan a haka suka san shi. Ba ya magana, ba ya motsi. Yaran unguwa suna ce masa Gunki.

"Kamsusi ne," in ji Hajaru.

"Wallahi da ke aka yi!"

"Ku yi mini shiru, marasa kunya. Yau ba zan ce muku ga ta nan ga ta nanku ba, don wannan ba ta zo ta wuce ba. Tana nan zaune a ƙofar gida. Ku matso."

Suka matso. Ta rage murya.

Shekara ashirin ke nan, Malam Munzali ma'aikaci ne a wata jami'a can bayan gari, a wani gini da rabinsa ke ƙarƙashin ƙasa. Ba farfesa ba ne, amma in ba ya nan injin ba ya tashi. A wasu ƙasashe, in ana son abin da suke nema, sai an gina tukunyar nukiliya mai girman unguwa. Su kuwa ɗan inji ne da su, bai fi ɗaki ɗaya ba, suna ce masa Majajjawa. Da shi suke samar da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira niyutron, waɗanda ke ɓoye a cikin ƙwayar zarra, su sanyaya su, su tara a kwalba. Aikin sanyayawar shi ne na Munzali, kuma ya iya. Matsalarsa ɗaya, ya san ya iya. Boko ya hau masa kai har yana yi wa tsofaffi gyaran magana.

Abu ɗaya ne ke karya masa girman kai, 'yarsa Zinatu. Shekara goma sha ɗaya shi da matarsa Habi suna jiran haihuwa kafin Allah ya ba su ita, kuma daga ita ba a ƙara ba. Lokacin tana da shekara huɗu, ga rawar kai, ba ta tafiya sai gudu. Kullum ya dawo aiki takan tarye shi a ƙofar gida, ya zauna a dakali, ya shafa kanta kafin ya shiga ciki. Ko ruwa ba ya sha sai ya yi haka.

Ranar wata Juma'a ce cikin bazara, rana ta take tsaka. Kowa ya tafi masallaci, shi ya makara. Ga sauran ruwan naitrojin a babban filas, wani ruwa ne mai sanyin da in ka tsoma ganye a ciki ka fito da shi sai ya farfashe kamar tangaran. Ƙa'ida ita ce a ajiye shi a fili ya ƙafe da kansa. Munzali yana son filas ɗin da wuri. Ya kinkime shi ya zagaya bayan gini, gindin wata tsamiya, inda akwai wani ɗan rami a tsakanin saiwoyi.

Iya Tabawa, tsohuwar da ke share ginin, tana zaune a inuwar tana cin goro.

"Munzali, tsakar rana ce. Ka yi bisimilla kafin ka zuba."

Ya yi dariya. "Haba Iya! Ai ruwan zafi aka ce. Wannan kuwa ya fi ƙanƙara sanyi. In akwai masu gida a ramin nan, gode mini za su yi, ana wannan zafi."

"Ni dai na ce ka yi."

Bai yi ba. Ya tuntsura filas ɗin. Tsohuwar ta yi saurin faɗin bisimillar a madadinsa, amma ruwa ya riga ya sauka. Farin hayaƙi ya tashi ya kwanta a ƙasa. Daga cikin ramin wani ɗan kuka ya fito, siriri, irin na jinjiri. Bai kai ƙarshe ba ya yanke.

"Ɓera ne," in ji Munzali. Ya ɗauki filas ɗinsa ya wuce masallaci.

Hajaru ta jawo mayafinta ta rufe ƙafafunta. Yaya Barira ta harare ta. "Tun yanzu? Ai ba a fara ba."

Ranar Asabar ya dawo gida, Zinatu ta fito taryarsa, amma da tafiya ta zo. Ya shafa kanta ya ji shi kamar gindin randa. Ranar Lahadi sai da ya ƙirga ashirin kafin ta iso daga zaure zuwa dakali. Ranar Litinin ya ƙirga arba'in. Ta buɗe baki za ta ce Baba, kalmar ta fito a jaye, a hankali, har Habi ta fashe da kuka kafin yarinyar ta gama. Suka kai ta asibiti. Likita ya auna, ya sake aunawa, ya ce babu zazzaɓi, babu ciwon komai, zuciyarta ce kawai take bugawa a hankali, jikinta kuma yana hucewa. Aka lulluɓe ta da bargo uku ana tsakiyar bazara.

Munzali mutumin awo ne. Ya rubuta bugun zuciyarta a takarda, na safe da na yamma, ya duba. Kullum rabin na jiya. Ya san irin wannan lissafin, shi yake yi a wurin aiki, kuma ya san inda yake ƙarewa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba.

Ranar Talata da yamma Iya Tabawa ta zo dubiya. Ta taɓa goshin yarinyar, ta ja Munzali gefe.

"Ka koma inda ka zuba. Ka ba da haƙuri."

"Iya, wa zan ba haƙuri? Rami?"

"To zauna. Gobe war haka kana karɓar gaisuwa."

Ya tafi. Ana kiran magariba ya isa bayan ginin, babu kowa. Tsamiyar ta zubar da ganyenta kaf cikin kwana huɗu. A bakin ramin ƙanƙara ce fara fat, ga shi ƙasar wurin da zafi har tana ratsa takalmi. Ya durƙusa, ya yi sallama, ya ce a yi haƙuri. Shiru. Ya sake faɗa. Shiru. Sai ya ji ƙarar Majajjawa daga ƙarƙashin ƙasa, wannan gunjin nata mai shiga haƙori. An kashe injin tun Juma'a, kuma makullin yana aljihunsa.

Ya sauka matakala. Fitilu a kashe, sai jar fitilar gargaɗi da ke saman ƙofar ɗakin injin. Ƙofar nan kaurinta ya kai kamu biyu, kuma an yi ta yadda in an buɗe ta injin zai mutu nan take. A buɗe take. Injin yana aiki.

Wata mata ce tsaye a gaban tukunyar sanyi, ta ba shi baya, da goyo. Doguwa ce, zanenta baƙi. Abin da ya fara zuwa bakinsa faɗa ne, don ba a shiga ɗakin nan sai an sa wa takalmi riga. Ya kalli ƙafafunta zai yi magana. Ta ba shi baya, amma yatsun ƙafarta shi suke kallo.

Ya ja da baya.

Ta juyo. Fuskarta ba ta da wani abin tsoro, fuskar mace ce da ta kwana huɗu ba barci. Leɓenta ya motsa, ya tsaya. Sai bayan ta rufe baki muryar ta iso.

"Kai ne mai sanyi."

"Ni ne... baiwar Allah."

"Nuna mini aikinka."

"Na zo ba da haƙuri ne."

"Nuna mini."

Ya nuna injin da hannu. "Wannan tana wulwula 'yan ƙwayoyi a cikin maganaɗisu. In sun yi ƙarfi ta sake su, su daki wancan farantin ƙarfen. Daga farantin sai niyutron su fantsamo."

"Da gudu?"

"Kafin ki ƙifta ido sun wuce Makka. Bango ma ba ya tare su."

"To yaya kuke kama su?"

"Mu bi da su ta ruwa, su rage gudu. Mu bi da su ta ƙanƙara, su ƙara ragewa. Daga ƙarshe su faɗa wannan tukunyar, cikin ruwan hiliyom. Sanyinsa ya fi wanda na... ya fi kowane sanyi. A nan suke zubar da sauran zafinsu. Sai su dawo tafiyar da yaro mai gudu zai cim musu. In sun kai haka, kwalba ma ta ishe su, ba sa iya fita."

"Sai ku rufe."

"Sai mu rufe."

"Sannan?"

"Mu jira. Kusan minti goma sha biyar suke yi kafin su lalace. Sai mu buɗe, mu ƙirga waɗanda suka rage."

Leɓenta ya daɗe yana motsi. Ya tsaya yana jiran muryar, kuma jiran nan ya fi komai azaba.

"Wato ku cire wa abu zafinsa har ya kasa gudu. Ku rufe shi. Ku zauna kuna ƙirga mutuwarsa."

"Ba su da rai, baiwar Allah."

"Haka ka zaci ramin ma."

Ta kwance majanyi, ta juyo da goyon gaba. Zanen ya yi tauri, yana ƙara kamar busasshiyar fata. Jinjiri ne, namiji, fari fat da ƙanƙara. Bakinsa a buɗe, a tsakiyar kukan nan na ranar Juma'a. Amma kumatunsa sun fara ja, yatsansa ɗaya yana ɗan motsi.

"Barci yake a bakin ƙofa, yana shan iska. Shekara ɗari uku ina jira kafin na same shi. Kai goma sha ɗaya ka jira, ko?"

Munzali ya zube a gwiwa.

"Zafin 'yarka ne a kumatunsa," in ji ta. "Ina ɗiba rabi rabi, yadda kuke yi. Da asuba zan kwashe sauran."

"Zan yanka rago. Baƙi. Sa ma zan yanka."

"Ɗana ba dabba ba ne."

Sai ya faɗi maganar da ta fi zuba ruwan muni. Ya ce, "Akwai tsohuwar da ke shara. Tana wurin ranar. Ta ci zamaninta, ba ta da kowa. Ki ɗauki nata."

Matar ta yi dariya, bakinta ya buɗe shiru, dariyar ta iso daga baya ta zagaya ɗakin. "Bisimillarta ce ta sa ya rage da rai. Da ba ita, da gawa na goyo, da kuma gidanku babu mai tashi. Ita ka ba ni?"

Kamsusi ya katse ta. "Yaya, to wa ya ji duk wannan, tun da shi ba ya magana?"

"Tambaya mai kyau, daga bakin mai rataye silifa. Iya Tabawa ce. Ta biyo shi a baya don tausayi, tana rakuɓe a matakala. Da kunnenta ta ji ya miƙa ta. A bakinta na ji, shekara biyu kafin ta rasu, kuma ko a lokacin in ta zo nan a labarin sai ta goge ido."

Munzali ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, amma ko kunyar ba ta kai tsoron asuba ba. Ya ce, "To ki ɗauki nawa."

"Yanzu ka yi magana."

"Ki kashe ni, ki bar ta."

"Wa ya ce kisa? Kai ma ba ka kashe nawa ba. Ba na ƙari a kan abin da aka yi mini." Ta matso. Ba ya jin takunta. "Zan cire maka zafi yadda kake cire wa naka. Jikinka ne kwalbar. Minti goma sha biyar za ka yi a ciki, ba ƙari. Amma da agogon jikinka za a auna, ba da na bango ba."

Ya gane. Ai aikinsa ne.

"Hankalinka kuwa zan bar maka shi da zafinsa. Ido yana gani, kunne yana ji. Ku ma ai kuna kallo. Ka yarda?"

"Za ta warke?"

"Za ta yi gudu."

"Na yarda."

Ta sa yatsa ɗaya ta taɓa ƙirjinsa. Bai ji zafi ba, bai ji sanyi ba, sai dai kamar an zare wani abu. Jinjirin ya ja numfashi, ya ƙarasa kukansa daga daidai inda ya tsaya. Injin ya mutu. Jar fitilar ta mutu. A cikin duhun muryarta ta iso ita kaɗai.

"Ka yi sauri in kana son ganinta."

Ya haura matakala da gudu, ya wuce tsohuwar bai ko gan ta ba. Ya hau babur ɗinsa. Tun a hanya ya ji yatsunsa suna nauyi a kan birki. A bakin unguwa ya yar da babur ɗin, ya taho da ƙafa. Kowane taku ya fi na baya tsawo. Mutane suna fitowa daga sallar isha'i suna yi masa magana, ba ya amsawa, yana tattalin abin da ya rage. Da ƙyar ya kai dakali ya zauna.

Sai ga ta. An sallamo su daga asibiti tun da yamma, likita ya ce a je gida a yi addu'a. Ta yar da barguna, ta fito daga zaure a guje, tana haki, goshinta da gumi.

"Baba! Baba, na warke!"

Ta tsaya a gabansa, ta miƙo kai yadda ta saba. Ya ɗaga hannu sama zai shafa. A nan sanyin ya cim masa.

Yaya Barira ta sa hannu a faranti. Ta ɓare gyaɗa ɗaya, ba ta ci ba.

Ƙarti huɗu suka kasa ɗaga shi daga dakalin. Likita ya sa abin awo a ƙirjinsa ya ce babu bugu. Aka fara maganar wanka da likkafani, Habi ta ce sai dai a haɗa da ita. Kwana uku, kwana bakwai, jiki bai canza ba, ƙuda ma ba ya sauka a kansa. Ta ɗauki gawayi ta ja layi a bango daidai tsayin yatsunsa. Da sallah ta zagayo ta sake dubawa, hannun ya sauko da kaurin ɗan yatsa. Ta ja wani layin. Sai aka kafa masa rumfa. Ku duba bangon gobe da rana, layukan suna nan, an sake jan su da fenti.

Zinatu ta yi gudu kamar yadda aka yi alkawari. Ta girma a gabansa. Ya ga ranar da aka sa ta makaranta, ya ga saukarta, ya ga ranar da ta fi ƙofar zauren tsawo har tana sunkuyawa. Da ta yi hankali Iya Tabawa ta gaya mata komai. Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai ta zo ta durƙusa a gabansa, ta sa kanta daidai inda kan 'yar shekara huɗu yake, ƙarƙashin hannun, ta ba shi labarin wuninta. Manema suka zo, ta ce duk mai son ta sai ya zauna a unguwar nan, don akwai hannun da take jira. Aka samu wanda ya yarda. Da tsohon ciki ma tana zuwa, tana dafa bango ta durƙusa. Lokacin abin da ya rage tsakanin tafinsa da gashinta bai kai kaurin yatsa ba. Mutane suka ce ta ɗan ɗaga kai mana, ai shi ke nan. Ta ce a'a, shi ya taho, a bar shi ya iso da kansa.

Bara da damina haihuwa ta zo mata da gardama. Ita da abin da ke cikinta, babu wanda ya tashi. A gidan uwarta aka yi mata sutura, kuma ƙofar gidan ɗaya ce. Ta gabansa aka fito da makara. Idonsa a buɗe yake. Ƙiftawa ɗaya takan ɗauke shi damina uku, kuma bai daɗe da gama wata ƙiftawar ba.

Bayan wata biyu hannun ya iso.

Can Hajaru ta ce, da ƙaramar murya, "Yaya, minti nawa ya rage masa?"

"Hannu ɗaya ya sauke a shekara goma sha tara. Ke da kike zuwa makaranta, ki lissafa."

Kamsusi yana kallon ƙasa. "Da gaske yana ji?"

"Har sunan da kuke kiransa." Ta tattara ɓawon gyaɗar a cikin faranti. "Saboda haka ku ji ni da kyau. Mai zafi ko mai sanyi, ko ruwan wanke hannu ne, kada wanda ya zubar a ƙasa bai yi bisimilla ba. In kuma wata rana karatu ya kai ɗayanku jami'ar nan, akwai hanyar da ta bi ta bayan ginin, ta gindin busasshiyar tsamiya. Kada ku bi ta ku kaɗai. An ce yaron ya girma, kuma ba ya son mutane."

Ta miƙe, ta kaɗe zanenta.

"Ba zan ce ƙurunƙus ba, don bai ƙare ba. Kamsusi, ɗauki fitila. Hajaru, raka shi. Ku je ku cire silifan nan, ku yi masa sallama, ku ba shi haƙuri. Kuma ku cire a hankali, kada ku bugi hannun. Ba miƙe shi ya yi kawai ba. Shafa kanta yake yi."